Minti Arba'in da Biyar na Lamba Tara

Layi ɗaya ne a kwantiragin ɗan ƙwallo Lamba Tara ya hana shi sakat. In ya buga wasa ashirin a kakar bana, kowanne aƙalla minti arba'in da biyar, dole kulob ya ƙara masa shekara. In babu kwantiragi babu takardar zama a ƙasar wajen da yake wasa, ga mata, ga 'ya'ya biyu a makaranta, ga shekara talatin da uku a kansa, shekarun da ba wanda ke neman ɗan wasan gaba.

Ya buga sha tara, sai koci ya fara wani sabon salo. Ba ya hana shi wasa, a'a, mutumin kirki ne ai. Sai an dawo daga hutun rabin lokaci, agogo ya ɗan gota, sannan ya yafito shi. Sati shida ana wannan rainin hankali.

Ran wasan ƙarshe matarsa ta tare shi a bakin ƙofa. "Abban yara, ka roƙe shi mana. Ko durƙusawa ce ka yi."

"Na roƙa har bakina ya gaji," ya ce. "Wai daga sama aka ba shi umarni."

Minti na arba'in, wanda aka saka a gurbinsa ya faɗi riƙe da cinya, aka fitar da shi a kan makara. Lamba Tara, Allah ya yafe masa, daɗi ya ji. Ba wani ɗan gaba a benci sai shi. Ya cire rigar sanyi, ya ɗaure takalmi, ya zo bakin layi yana tsalle-tsalle.

Koci ya ce su ƙarasa da mutum goma zuwa hutu. To, ba komai, in ya fara zagaye na biyu, arba'in da biyar ɗin ta cika cif.

A ɗakin canza kaya ya bi koci har gaban allo. "Koci, don Allah. Da ni za a fara, ko?"

Koci bai ɗago ba. "Je ka ɗumama jiki."

Aka busa usur. Mutum goma suka shiga fili, shi yana tsaye a bakin layi kamar wanda mota ta tafi ta bari. Kyaftin na ɗaga hannu yana ihu a turo shi, 'yan kallo na ta fito. Yana kallon babban agogon filin, idonsa ya ciko, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a bugun fenareti. Arba'in da shida. Arba'in da bakwai. Sannan aka ɗaga allo mai lambarsa.

Ya yi niyyar juyawa ya fice daga filin. Ƙafarsa ce ta ƙi, shekara ashirin ba abin da ta sani sai shiga. Ya ci ɗaya da ka, ya ci na biyu da hagu, filin ya ɗauki sunansa da waƙa. Da aka tashi koci ya rungume shi gaban kyamara, aka miƙa masa ɗan kofin gwarzon wasa.

Da yamma ya tura ƙofar gida riƙe da kofin. Yaran suka ruga suna ihun Abba ya ci biyu. Ta saman kansu ya hango uwarsu a kan kujera, tana sauko da akwatunan tafiya daga saman kabad.