Marufin da Ke Aljihun Amoateng

Kashi tara cikin ɗari allon kwamfuta ya nuna, kuma Oforiwaa ta riga ta tuɓe takalmi tana rawa tsakanin teburan ɗakin gwaji.

Wata bakwai ta shafe tana jiran wannan rana. Aikin digirinta na uku shi ne haɗa 'yan faya-fayan sola na roba, kowanne bai wuce farcen babban yatsa ba. Takan cuɗa robar da ƙwayoyin tutiya waɗanda ido ba ya iya gani, domin lantarkin da haske ya haifar ya sami hanyar fita. Da safen nan, faifan da ba a sa wa ƙwayoyin ba ya mayar da kashi shida na hasken da ya sha zuwa lantarki, wannan kuwa tara. Farfesa Frimpomaa, mai duba aikinta, ta ce a kawo sakamako kafin sha biyu, in ba haka ba kwamiti zai ƙara wa Oforiwaa shekara guda.

Kwadwo Amoateng, ma'aikacin da ke kula da na'urorin ɗakin, ya sa hannu a aljihun farar rigarsa don ɗauko biro. Sai ya taɓa wani siririn ƙarfe.

Marufin ne, baƙin ƙarfe mai 'yar taga a tsakiya. Ana ɗora shi a kan faifai kafin a kunna fitilar da ke kwaikwayon rana, don kada haske ya sauka sai a wurin da ake aunawa. Idan babu shi, gefunan faifan ma sukan sha haske, lamba ta kumbura. Shi ne ya ɗauke shi da safe ya goge, ya manta bai mayar ba.

"Ɗan Litinin, me ya sa ka tsaya kamar turken fitila?" in ji Oforiwaa, tana kiransa da ma'anar sunansa Kwadwo. "Yau fufu da miyar akuya zan ci da kai, tsoka uku-uku!"

Amoateng ya dubi agogo, sha ɗaya saura kwata. Damshin Kumasi ba ya barin irin waɗannan faya-fayan su daɗe da ƙarfinsu, kuma ƙwayoyin tutiyar sun ƙare, don haka bayan yau ba wanda zai iya sake awon a nan. Idan ya yi shiru, ba mai sani a yau. Amma lambar za ta shiga littafi da sunan Oforiwaa a kai, wata rana wani ya maimaita gwajin a wata ƙasa ya kasa samunta.

Ya fito da marufin ya ajiye a kan tebur.

"Yaya Oforiwaa, ki yi haƙuri. Tun safe yana aljihuna."

Ta dubi marufin, ta dube shi. "Kai da kake duba makulli sau uku kafin ka tafi gida? Kai da kake wanke hannu kafin ka sa safar hannu?"

"Ni ne."

"To, kunna fitilar, mai gaskiya. In na faɗi ka tare ni."

Ya ɗora marufin a hankali. Fitila ta haska, layi ya lanƙwasa a allo: biyar da ɗigo takwas.

Oforiwaa ta zauna a kan kujera daɓas. "Ko shida bai kai ba. Ashe wata bakwai na yi ina lalata roba mai kyau."

Amoateng ya tsaya yana murza maɓallin rigarsa, yana bin abubuwan da suka faru tun safe ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba. Ƙarfe takwas ya goge marufin. Ƙarfe tara suka fara awo.

"Yaya, wancan shidan ma ai ba da marufi aka auna shi ba."

Kafin ya rufe baki ta miƙo masa ɗaya faifan. Uku da ɗigo tara.

Ta yi lissafi da yatsu, sannan ta kwashe da dariya har da hawaye. Ƙwayoyin sun ƙara kusan rabin abin da faifan ke bayarwa, daidai da yadda ta zata tun farko.

Sha biyu saura minti biyar Farfesa Frimpomaa ta gyara tabarau tana duba takardar.

"Wannan lamba ce da zan iya tsayawa a kanta gaban kwamiti. Kun sa marufi dai ko?"

"Mun sa, Farfesa," in ji Oforiwaa. "Amoateng ba ya wasa da marufi."

Da suka koma ɗakin gwaji, Oforiwaa ta ɗaure marufin a jikin fitilar da zaren takalminta. A wurin cin fufu kuwa ta ce a sa wa Amoateng tsoka biyu, tunda shi ya koya mata rage lamba. Bai yi gardama ba, ya ce ya auna ya ga daidai ne.