Rigar da Aka Bari a Shago

Rigunan sun iso shagon ɗinkin Mariama a cikin wani tsohon akwatin ƙarfe da sai da maza biyu suka kama kafin ya sauka daga mota. Da aka buɗe shi, warin kafur ya cika shagon har ya kai bakin titin Port Richmond, unguwarsu a Amurka. Riguna goma sha biyu ne, duk ruwan ƙwai, masu dogon hannu da faɗin ƙasa, irin na 'yan matan Amurka na zamanin da.

Misis Doran, mai kula da kayan 'yan wasa a sabon dandalin da aka gina a bakin ruwa, ta ce a gwanjo suka saye su. Wata ƙungiya ce ta sa su shekara sittin da suka wuce, a wannan wasan kwaikwayon da za a sake yi yanzu, ba ta san komai a kansu ba bayan haka. Tana so a gyara su kafin ranar buɗe dandalin.

Shamima, 'yar Mariama, ce ta kawo wa uwarta aikin. Shekararta goma sha tara, tana jami'a, kuma tana cikin 'yan mata goma sha biyun da za su yi rawa. Mariama, wadda ta taso a Maraɗi, ba ta so zancen rawar ba. Da ta ga rigunan sun rufe jiki har idon sawu, sai ta haƙura ta ɗauki allura.

Sha ɗaya ba su ba ta wahala ba. Ta ƙarshen ce ke da ƙuna a ƙasa ta baya, yadin ya yi baƙi ya ƙandare. Wani yammaci Shamima ta shigo, ta ɗauke ta don gwaji, rigar ta zauna mata kamar da awonta aka yanka. Ta tsaya gaban madubi, kafaɗarta ta hagu ta ɗan sauka, ta fara waƙa da wata siririyar murya wadda uwarta ba ta san ta da ita ba.

"Shamima."

Ba ta juyo ba.

"Shamima, da ke nake."

Sai da Mariama ta dafa ta sannan ta waigo, tana ƙyafta ido. Ta ce da Turanci ba waƙa take yi ba, wuyan rigar kawai take dubawa.

Washegari Mariama ta shiga jirgin ruwa zuwa Manhattan, ta yi yawo har ta samo yadi mai kama da na rigar. Ta ɗinka sabuwa, ta kai wa Misis Doran goma sha biyu cif. Tsohuwar kuwa ta rataye ta a ɗakin baya na shagon, ta ja ƙofa ta sa kwaɗo.

Ranar Asabar ɗin buɗewa ta je da Hawawu, 'yar zangon Kumasi mai shagon kitso a maƙwabtanta. Ƙarfe shida aka fara, rana na nan da sauranta. Dandalin ba shi da rufi. Kujerun katako ne hawa-hawa, suna fuskantar dandamali, a bayansa kuma ruwa ne, manyan jiragen dakon kaya suna wucewa a hankali. Katakon ma bai daina warin fenti ba.

Wasan tsoho ne, labarin wani ƙaramin gari da ake shirin biki, saurayi da budurwa suna ɓatawa suna shiryawa cikin waƙa. Tsofaffin Turawan da ke kewaye da su sun haddace shi, leɓunansu na motsi tare da mawaƙan. Hawawu ta fito da gyaɗa daga jaka tana ɓarewa.

"Yaya Mariama, ga 'yarmu can," ta ce, lokacin da 'yan rawa suka fito. "Ta ƙarshe, a hagu. Wallahi ta iya."

Mariama ta gan ta. Amma idon tela a kan ɗinki yake sauka, don haka ta bi rigunan ɗaya bayan ɗaya tana duba aikinta. Ta zo ƙarshe, ta koma farko.

"Hawawu, ƙirga min su."

Hawawu ta ƙirga da yatsa. "Sha biyu."

"Da ta bayan can?"

"Wace ta baya?"

Can kusa da labule akwai wata. Tana taka rawar daidai da sauran, babu kuskure ko ɗaya. Launin rigarta ya fi na kowa dusashewa. Iska ta taso daga ruwa ta kaɗa rigunan 'yan matan gefe guda, tata ba ta motsa ba. Da ta juya, Mariama ta ga baƙin ƙunar a ƙasan rigar. Ta yi ƙoƙarin ganin fuskar, amma duk sanda ta kai ido, ƙeya take samu.

Ta lalubi jakarta. Makullin ɗakin baya yana nan.

A rawa ta biyu mai dusasshiyar rigar ta matso, mutum uku ne tsakaninta da Shamima. A lokacin hutu Mariama ta sauka don ta ga 'yarta, wani mai gadi ya ce ba a shiga wurin 'yan wasa sai an tashi. Ta kira wayar Shamima, a kashe. Ta koma ta zauna tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Hawawu ta dube ta. "Ko mu tafi gida?"

"Ba inda za ni."

Rana ta yi ƙasa lokacin da aka zo rawar ƙarshe, ta bikin. Aka kunna wuta a wasu manyan kasake biyu na ƙarfe a gefunan dandamalin, mutane suka yi tafi. 'Yan matan suka kama hannun juna suka yi layi. Shamima ce ƙarshe, hannunta na hagu ya kamata ya zauna a ƙugunta, haka Mariama ta ga tana gwadawa a gida sau ba adadi. Yanzu hannun a miƙe yake, an riƙe shi.

Kafaɗar Shamima ta hagu ta sauka. Layin ya juya dama, ita kuwa ƙafafunta suna ja da baya kaɗan-kaɗan, wajen kaskon wuta. Yarinyar da ke riƙe da hannunta na dama ta fara miƙewa don kada su rabu. Faɗin rigar ya buɗe a juyi, bakinsa bai fi taki ɗaya da harshen wutar ba.

Mariama ta miƙe tsaye a tsakiyar mutum ɗari takwas.

"Shamima! Saki hannun nan!"

Muryar ta ratsa kiɗan. Shamima ta tsaya cak, ta fizge hannunta, ta faɗa jikin ta kusa da ita. Layin ya wargaje. Masu kiɗa suka ɗan rikice kafin su kama. Kawuna suka juyo, wani ya yi tsaki, masu gadi biyu suka taho suka roƙi Mariama ta fita. Tana tafiya tana waige. Sha biyu ne a dandamalin.

A bakin ƙofa suka jira har aka tashi. Shamima ta fito da kayanta na gida, idonta ja.

"Kin kunyata ni a gaban kowa," ta ce da Turanci. "Mai shirya wasan ya ce sai mun yi magana gobe. Wata uku ina wahala a kan wannan, Mama."

"Na ji. Shiga mota."

Hawawu ta ja motar, suka wuce tashar jirgin ruwa. Shamima na zaune a baya tana murza wuyan hannunta.

"Mama," ta ce can, a hankali. "Wa ya riƙe ni?"

Mariama ta juyo ta kama hannun. Sanyi ƙalau, a wannan zafin na Yuli, ga shatin yatsu huɗu a kan fatar.

"Hawawu, biya da mu shago."

Kwaɗon yana nan yadda ta bar shi. Ta buɗe, ta kunna fitila. Rigar na rataye a wurinta. Mariama ta yi bismillah ta taɓa ta. Hammatar a jiƙe take da gumi, yadin da ɗumi-ɗuminsa.

Ta sauke ta, ta shimfiɗa a teburin yanka, ta ɗauko babban almakashi. Hawawu ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da jakar shara, ta ƙi shigowa. Daga masallacin da ke saman shagon kayan miya aka fara kiran magariba.

"Gobe ma akwai wasa," in ji Shamima. "Ƙarfe shida."

"Allah ya kai mu. Riƙe min nan."

Shamima ta riƙe gefen yadin, uwarta ta yanka daga wuya har ƙasa, ta cire hannuwan, ta daddatsa sauran ƙanana-ƙanana tana zubawa a jakar. Da ta zo ƙyallen ƙarshe ta ja, bai taho ba.

"Saki mana."

"Na saki," in ji Shamima, tana kallon hannunta na hagu da ke damƙe da ƙyallen.

Mariama ta ajiye almakashin. Ta zauna kusa da 'yarta, ta ɗora hannun a cinyarta, ta shiga buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya.