Littafin da Malama Ba Ta Ƙarasa Ba

"Ni na riga kowa ganewa," in ji tsohon direba, yana zaune daram a kan kwalin littattafai ya hana a ɗaga. "Tun ba a kai rabin littafin ba na ce mai kantin magani ne ya kashe attajirin nan. Malama ta ji da kunnenta."

"Baba, na ji. Amma motar kaya na hanya," in ji Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana goge gumin da ya sa tabarau ɗinta zamewa. Tun safe take ɗaure kaya. Yau zai bar gidan ya koma wurinta, don gwiwoyinsa sun daina shiri da matakala. "Ɗakin da na gyara maka ba zai ɗauki komai ba. Bari in kai wa mai tsofaffin littattafai, wasu su amfana. Kai ba karantawa za ka yi ba."

"Kin ji ta ko?" Ya juya wajen mai aski, abokinsa tun ƙuruciya, wanda ya ce ya zo taya kwasar kaya amma har yanzu kofin shayi kawai ya ɗaga. "Wai ba na karatu. Ni da na fi masu rubuta su sanin abin da ke ciki!"

Gaskiya ne bai taɓa zama a aji ba, kuma ba ya ɓoyewa. Ƙuruciyarsa duka a kan sitiyarin doguwar motar fasinja ta ƙare. Mota ta taɓa kifewa da shi a gindin gada, ya fito yana tambayar ina hularsa. Wani likita ya taɓa ce wa iyalinsa su yi haƙuri, ba zai tashi ba. Shi ya je ta'aziyyar likitan daga baya. Amma duk wannan bai kai masa abin da ke cikin kwalin ba.

Marigayiya matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwar da ta yi a firamare, ita ta saba masa. Ranar da ba shi da tafiya, da la'asar, sai ta jawo kujera bakin taga, ta maƙala tabarau, ta buɗe ɗaya daga ƙananan littattafan nan na Turanci tana mayar masa da Hausa. Duk a wani ɗan ƙaramin gari ake yi, inda kowa ya san kowa. Za a tsinci gawa a lambu, ba jini ba harbi. 'Yan sanda su yi ta zagaye suna shirme, sai wata tsohuwar ungozoma mai kyanwa ta lura an rataye labule a juye, daga nan ta kama bakin zaren. A ƙarshe a tara kowa a falo, a zuba shayi, ta nuna mai laifi da cokali. Gari ya koma daidai.

Shi da ya ga abin da hanya ke yi wa mutane, yadda rai ke fita ba wanda zai ce maka ga dalili, wannan ya fi masa komai daɗi. A littafin Malama ba a mutuwa a banza. Kuma ba sai mai kaki ba. Tsohuwa ma in tana da ido ta isa.

Dokarsu ɗaya ce: kafin babin ƙarshe sai ya faɗi mai laifi. Bai taɓa kuskure ba. Tasha duka ta san haka, shagon aski ma ya sani har ya gaji. Littafi ɗaya ne kawai ya rage a rataye. Ya faɗi mai kantin magani, Malama ta sa tsinken ashana a shafin ta ce sai gobe. Washegari aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba. Tun daga nan bai bar kowa ya taɓa tsinken ba.

"Kai dai Direba, ka ishe mu," in ji mai aski. "Shaidarka ɗaya ce, ita ma Allah ya ji ƙanta. Ga 'yarka ta iya Turanci. In ka isa, a buɗe."

"A buɗe! Amma tsaya, sai na fara nuna maka aiki." Ya sauka daga kan kwalin da ƙyar, ya zaro wani mai hoton koriyar ƙofa. Da hoto yake gane su, kamar fuskokin fasinjoji. "Wannan, mai kai wasiƙu ne. Auta, duba ƙarshe ki faɗa wa wannan mai aske ƙeyar mutane."

Auta ta tsuguna ta buɗe shafukan baya. Ta karanta, ta koma baya, ta sake karantawa.

"Baba, nan ƙanwar likita aka ce."

"Kin tsallake layi."

"Ban tsallake ba. Mai kai wasiƙun ma aure ya yi a ƙarshe."

Mai aski ya ƙyalƙyale da dariya har shayi ya zube masa a riga. Tsohon ya harare shi, ya zaro wani mai hoton agogon bango. Ya ce mai gadin makaranta. Littafi ya ce matar mai otal. Ya zaro na uku, mai hoton kwale-kwale. Nan kam ya dace, ya ɗaga hannu kamar wanda ya ci kofi. Na gaba kuma ya sake faɗuwa.

"Turancin yanzu ba irin na da ba ne," ya ce, amma muryarsa ta sauka. "Uwarki ta fi ki iyawa."

Ya dubi bakin taga. An riga an fitar da kujerar, sai sawun ƙafafunta a siminti. Ya tsaya yana kallon wurin yadda tsohuwar ungozoma ke kallon labule, sai ga Malama ta dawo masa sarai: yatsarta na bin layi, muryarta na canzawa in ta zo maganar ɗan sanda. Ga shi ya bugi ƙirji ya faɗi mai laifi. Ga ta ta yi ɗan murmushi. Wani lokaci ta ci gaba yadda take. Wani lokaci kuwa sai ta ce idonta ya gaji, ta cire tabarau ta ɗora a cinya, ta ƙarasa masa babin ƙarshe tiryan-tiryan, littafi a buɗe a hannunta.

Malama kuwa, in ba tabarau, ko sunanta a jikin kwalbar magani ba ta iya gani.

Ya nemi wurin zama, ya samu bakin gado. Shekara da shekaru matar nan tana kama masa mai kai wasiƙu, tana ɗaure mai gadi, tana ƙirƙiro musu dalili da hujja a tsaye, ba ta taɓa yin tuntuɓe ba. Shi kuma ya tashi da asuba ya hau hanya da ƙirji a buɗe, yana ba yaran tasha labarin kaifin ƙwaƙwalwarsa.

"Baba?" Auta ta dafa gwiwarsa. "Lafiya?"

Ya ja hanci, ya gyara zaman hula. "Lafiya lau. Ai na sani."

"Ka san me?" in ji mai aski.

"Na san abin da na sani. Kai me ka taɓa ganewa ban da kwarkwata?" Ya miƙa hannu cikin kwalin, can ƙasa, ya fito da mai tsinken ashana. Bangon ya koɗe, hoton butar shayi ne a kan tebur. Ya riƙe shi jim, sannan ya miƙa wa Auta. "Karanta. Daga inda ta tsaya."

A waje motar kaya ta iso tana ta oda. Auta ta leƙa ta ce su jira. Ta jawo wani kwali bakin taga ta zauna daidai kan sawun kujerar, ta zare tsinken ta ba shi. Ta fara, tana mayarwa da Hausa. Ba ta kai uwarta ba, tana inda-inda, amma an tara kowa a falo, an zuba shayi, kyanwa ta haye cinyar ungozoma. Tsohon ya lumshe ido rabi. Mai aski ma ya ajiye kofi.

Ta juya shafi. Idonta ya riga bakinta sauka ƙasa, ta ga sunan mai laifin. Ta dubi mahaifinta, ta dubi tsinken da yake juyawa a yatsunsa.

"Ƙurar kayan nan ta cika mini ido," ta ce. Ta cire tabarau ta ɗora a cinya.

Ta ci gaba. Ungozoma ta ɗaga cokali, ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya kan mai kantin magani. Dalilin ya ɗan yi rauni, har sai da tsohon ya taimaka mata da cewa ai mutumin ya daɗe yana kwaɗayin lambun attajirin. Ta ce haka ne kuwa aka rubuta.

Ya ga tabarau ɗin. Ta san ya gani.

"Kwalin nan a gaban mota za a sa shi," ya ce, yana soke tsinken ashanar a aljihun rigarsa. "In ɗakin bai isa ba, a fitar da gadon."

"To, Baba."

Ya miƙe ba tare da ya dafa komai ba, ya nuna mai aski da yatsa. "Ka ji da kunnenka ko? Mai kantin magani! Je ka faɗa a shago, ka faɗa a tasha. Duk mai shakka ya sayo littafinsa sabo fil, ya same ni gidan Auta da la'asar. Zan faɗa masa mai laifi tun shayi bai huce ba. Sharaɗi ɗaya ne: 'yata ce za ta karanta."