Jan Fenti a Hanyar Sakajiki

Ina tsugune a shagona na Ƙaura, hannuwana jajur, suka yi sallama: Malami, shugaban 'yan agajin unguwarmu, da Wakili a bayansa yana kallon ƙasa.

"Tambari, labari munka ji, wai mace kake zanawa. In haka ne, shafewa za a yi."

Shekara ashirin ina zana zakuna a bayan manyan motoci, direbobi na cewa sun fi kama da tumaki. Da shari'a ta zo aka daina neman zaki, na koma rubuta "Allah Ya kiyaye hanya". Yau ga shi ana zargina da iya zane. Saura kaɗan in yi godiya.

Na juyo musu allon da nake zanen a kai.

* * *

Wata biyar ke nan da naƙuda ta kama matata Hamida a gidan iyayenta a Sakajiki, jini ya ɓalle. Mota babu. Babur ɗaya ne a bakin hanya, na Wakilin nan, lokacin yana kabu-kabu. Ya ce an hana ɗaukar mata, shi bai shirya shan bulala ba. Muka kwantar da ita a amalanke. Shanu ba su san sauri ba. Ko rabin hanyar asibiti ba mu yi ba ta cika.

Bayan sadakar uku aka ce in yi haƙuri in nemi wata, namiji ba ya takaba. Na gwada zana fuskarta, ta ƙi zuwa. Hanyar ce ta zo: ja, a karkace, itatuwa sun rusuno kanta, sama ta yi kore kamar tsohon miki. Na ajiye buroshi na koma yatsu.

* * *

Malami ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"To ina macen?"

"Ban iya ba, Malam."

Ya yi dariya. "Wanga ai ɓarnar fenti ce. Bar masa abinsa, Wakili, mu tafi." Ya fita.

Wakili bai motsa ba. Ya ƙura wa wani baƙin dunƙule ido, can gefen hanyar da ke jikin allon.

"Baba Tambari," muryarsa ƙasa-ƙasa, "da na ɗauke ta, da ta kai?"

"Ni mai fenti ne, Wakili. Likita za ka tambaya."

Ya kai yatsa ya taɓa allon. Bai bushe ba. Ina kallonsa har ya sha kwana, yana goge yatsan a farar rigarsa ta agaji, jan yana ƙara yaɗuwa.