Hannun Mai Gyaran Agogo

Auta ce ta kawo shawarar a yi shiri a kan yayanta mai gyaran agogo, don haka ita aka ba aikin haɗa hoton a gidan talabijin ɗin da take aiki. Da hantsi ta kunna hoton don dubawa ta ƙarshe. A minti na huɗu, yayan yana ɗaga wata 'yar ƙusa da hantsaki, sai hannunsa ya yi fizga.

Ta mayar baya. Ya sake yi.

Ta tsayar da hoton. Haka ciwon mahaifinsu ya fara, da 'yar karkarwa a hannun dama, kafin ya kai sai an riƙe masa kofi. Yaya kuwa da yatsun nan yake ci da iyalinsa.

Shugaban sashen, dattijon da kowa ke kira Oga, ya leƙo. "Auta, kin ga aljani ne a allon?"

Ta nuna masa wurin.

Ya jawo kujera ya zauna. "Kwantar da hankalinki tukuna. Kamararmu hoto ashirin da huɗu take ɗauka a daƙiƙa, mu kuma talatin muke watsawa, kowanne ƙyaftawa biyu. Don a cike giɓin, sai na'ura ta riƙa jan hotunan bi da bi: wannan ya tsaya ƙyaftawa uku, na gaba biyu. Uku, biyu, uku, biyu. In jerin bai karye ba, ido ba ya lura. Kafin ki juya shi zuwa talatin kika yanka, ko bayan kin juya?"

"Bayan na juya, Oga."

"To kin karya jerin, sarkin sauri. Inda uku ta bi uku, ko dutse ne sai ya yi tsalle. Duba bayan yayanki."

A bangon shagon akwai babban agogo mai ƙarfen lilo. Ta ƙura masa ido. Daidai lokacin da hannun ya fizga, ƙarfen ma ya yi tuntuɓe.

"Kin gani? Laifinmu ne. Ɗauko na asali, ki yanka, sannan ki juya sau ɗaya."

Ta yi yadda ya ce. Na'ura ta ɗauki minti ashirin. Da ta gama, suka bi hotunan wurin ɗaya bayan ɗaya, Oga yana ƙirgawa a hankali har suka wuce minti na huɗu. Jerin ya zauna daidai. Ta kunna.

Ƙarfen agogon ya yi lilonsa sumul. Babbar fizgar ta ɓace. Amma bakin hantsakin yana rawa, kaɗan-kaɗan, ba ya tsayawa.

Oga ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake kallo.

"Wannan ba namu ba ne, 'yata," ya ce.

Ta fita baranda ta kira yayan. Sai da wayar ta daɗe tana ƙara ya ɗauka.

"Autar Mama! An gama mayar da ni tauraro?"

"Yaya, hannunka lafiya?"

Ta ƙara manna wayar a kunne. Tana jin agogunan shagon suna ta bugawa.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Tun yaushe?"

"Wata huɗu. Ko Antinki ba ta sani ba."

"Rufe shagon, Yaya. Ga ni nan, asibiti za mu."

"Akwai agogon mutane a gabana..."

"Rufe, don Allah."

Ya yi ajiyar zuciya. "To. Amma ke za ki tuƙa."