Yatsu Goma na Reino

"Ba ni wayar nan, Carla."

"Ba zan bayar ba, Baba. Kira 'yan sanda in ka ga dama."

A haka na same su a gareji, ina riƙe da tukunyar miyar kifi da na kawo. Maƙwabcina Reino Lahti yana zaune a kujerar aikinsa, robar iskar numfashi a hanci. 'Yarsa Carla kuma ta zare wayar zarton lantarki daga bango ta naɗe a hannu. Daga birnin Duluth ta taso da safen nan, ko rigar sanyi ba ta cire ba.

"Doreen, ki gaya masa," in ji ta. "Likita ya ce ko mota kada ya tuƙa."

"To mota kika ga zan tuƙa?" in ji shi.

Na ajiye tukunyar na ce, "Ni miya na kawo, ba shari'a ba."

Reino kafinta ne, irin masu aikin ƙarshe a gida, bakin ƙofa da bakin taga. Rabin gidajen garinmu shi ya haɗa musu kusurwa da zarton nan mai faifai, wanda ake juya shi a sauke kan katako. Amma ba da wannan yake taƙama ba. Da yatsunsa yake taƙama. Shekara hamsin yana aikin, guda goman nan suna nan cif, ko farce bai rasa ba. Marigayi mijina Gus takwas gare shi, kuma Reino bai taɓa raga masa ba. In sun haɗu wurin shan kofi sai ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Gus, gaishe ni da abin da ya rage maka." Kullum maganarsa ɗaya ce: da goma ya zo duniya, da goma za a binne shi. Mun sha jin ta har ta ishe mu.

Yanzu ga huhu ya ƙi, likitoci sun sallamo shi gida ya jira, maganin da yake sha kuma ya sa hannunsa rawa. Shi kuwa ya ƙwallafa rai kan aiki ɗaya. Ya yi soja yana saurayi, don haka ranar binne shi za a ninke tutar ƙasa ta zama mai kusurwa uku a miƙa wa Carla. Akwatin da za a sa tutar yake so ya yi da kansa.

"Ana sayarwa a kanti, Baba."

"Na ga na kanti," in ji shi. "Kusurwa a buɗe, ƙuda ma zai shige."

Bai kalle ni ba, amma na san da ni yake. Tutar Gus tana kan talabijin ɗina a cikin na kantin. Tsohon banza, yana bakin mutuwa ma bai daina ba.

Katakon itacen ceri ne, ja mai kyau, ya riga ya yanke kusurwar sama tun yana da ƙarfi. Na ƙasa biyun suka rage, su ne masu tsini. Zarton ba ya juyawa ya kai nan, sai an tsayar da katakon jikin wani tallafi an matse shi da ƙarfe. Masu gaggawa da hannu suke riƙewa, faifan ya fizgi katako ya haɗa da hannun. Irin yankan da ya ci yatsun Gus ke nan.

Duk da haka na ce, "Ba shi, Carla."

Ta zaro min ido. "Ke ma?"

"Ba shi. Ubanki mai taurin kai ne, amma ba wawa ba ne."

Allah ya sani ban tabbata ba. Ta wurga wayar a kan tebur, ta juya baya tana share ido.

Ya miƙe da ƙyar, ya soka wayar a bango, ya sa tabaransa na aiki. Ya kama mariƙin zarton da dama, ya ɗora hagu a kan katakon don ya daidaita shi kafin ya matse. Sai rawar hannun ta sa katakon ya fara bugun ƙarfe, ƙas, ƙas, ƙas. Ya danne, bugun bai tsaya ba. Ya daɗe yana kallon hannun nan kamar na wani ne aka ara masa.

Sai ya saki mariƙin, ya sunkuya, ya zare wayar da kansa.

"Carla," ya ce, "ɗaure gashinki."

Ta juyo. "Ni?"

"Doreen zan sa? Ita da ko albasa ba ta yanka daidai?"

"Ka ci miyar tukun ka faɗi haka," na ce.

Akwai wani layin fenti ruwan ɗorawa a ƙasan garejin, ya kewaye zarton. Carla ta tsaya a bakinsa. "Baba, tun ina yarinya ba ka taɓa bari na tsallake layin nan ba."

"Yau na ce ki tsallako."

Ya sa ta cire rigar sanyi, ta naɗe hannun riga, ta tuɓe zobe. Ta ɗauko safar hannu, ya ce ta mayar, haƙorin faifai na son abin da zai kama. Ya ce a canza faifan, a sa sabo mai ƙananan haƙora, wanda ya dakushe shi ke fizga. Ta miƙa hannu za ta kwance, ya ce, "Ina wayar?"

"Ka cire ta, Baba, a gabana."

"Na ce ina take? Rataya ta a kafaɗarki, ki riƙa jin ta a jikinki. Ba a yarda da wayar da ido ba ya gani."

Ta ɗaura sabon faifan, ta matse katakon da ƙarfe biyu, ya sa ta girgiza shi da ƙarfi, bai motsa ba. Ya cire tabaransa ya ba ta. Sannan ya ce ta soka wayar, hannun hagu kuma ta sa shi a aljihun baya.

"Kunna. Bari ya gama ɗaukar gudu. Yanzu sauke a hankali, kada ki tura shi, ya san aikinsa."

Ƙara ta cika garejin, garin katako ya tashi. Guntun da aka yanke ya faɗi gefen faifan, ta saki maɓalli, hannunta ya fito daga aljihu zai ɗauke shi.

"Tsaya!"

Kai, ban san da sauran irin wannan murya a ƙirjin nan ba. Ta daskare. Faifan yana ta juyawa shiru, sai can ya tsaya.

"Yanzu ɗaga," ya ce yana haki. "In ya yi shiru ba yana nufin ya tsaya ba."

Da ta gama sauran yankan, ya karɓi katakan ya haɗa baki da baki, ya ɗaga wajen hasken taga. Haske bai ratso ba. Ya juya su, ya sake dubawa, yana neman aibi da gaske.

"Ba laifi," ya ce.

Carla ta fashe da kuka da dariya a haɗe. A rayuwata ban ji Reino ya yabi aikin kowa ya wuce haka ba. Ni ma sai na ji ƙirjina ya cika, kamar ni na haife ta.

Ya rasu lokacin da ƙanƙarar tafkin garinmu ta fara narkewa, da rana tsaka, a kujerarsa ta falo. Ranar da aka buɗe akwatin gawa don ban kwana, muka tarar masu shirya shi sun ɗora hannu ɗaya a kan ɗaya, an rufe rabin yatsun. Carla ta kira ɗaya daga cikinsu ta ce ya gyara. Ya ce ai haka ake yi. Na ce masa, "Ɗan nan, gyara kawai." Aka jera hannayen gefe da gefe a kan ƙirjinsa.

Tsofaffin kafintocin gari suka shigo layi, kusan kowa da giɓinsa a yatsu. Wayne Maki, wanda babban yatsansa ya tafi tun muna matasa, ya tsaya a kansa, leɓensa na motsi yana ƙirgawa.

"Ja'iri," ya ce a hankali. "Ya cika maganarsa."

Akwatin tutar yana kan ƙaramin tebur a gefe, babu kome a ciki tukuna. Wayne ya bi kusurwar ƙasa da farce, bai ji gaɓa ba. "Da hannun nan mai rawa ya yanka wannan?"

"Ni na yanka," in ji Carla.

Wayne bai kalli fuskarta ba, hannayenta ya kalla. Ta matsa jikin akwatin gawar, ta shimfiɗa su a kan na ubanta, yatsa bisa yatsa.