A Auna Ni Da Hulata

Shekara talatin da ɗaya ke nan da Malam Sha'aibu ya rasa idonsa, kuma ba a taɓa yi masa jagora ba. Kullum da hantsi yakan fito daga gidansa a Gyaɗi-Gyaɗi da sandarsa, ya tsallaka babban titi, ya gangara Tarauni, inda yake da rumfar saƙa kujerun roba jikin tawa. Ni gyaran agogo ne sana'ata, amma yanzu agogon kowa na cikin wayarsa, don haka ina da lokacin kallon Sha'aibu.

Hularsa iri ɗaya ce tak, haɓar-kada, mai saukowa ta rufe kunnuwa. In ta tsufa sai a ɗinka masa irinta. Zafi ko sanyi tana kansa, gefen dama a sauke, na hagu a ɗan karye. Har nakan yi tunanin da ita aka haife shi.

Ran wata Talata wani adaidaita sahu ya goge masa gwiwar hannu. Ƙujewa ce kawai, amma ɗansa Murtala, wanda nas ne a asibitin koyarwa, ya ce fita ta ƙare.

"Baba, kunnen ya tsufa. Ka zauna a gida, a riƙa kawo maka kujerun."

"Sannu Likita," in ji Sha'aibu, don haka yake kiransa in ransa ya ɓaci. "Mai idon da ya buge ni, shi wa ya zaunar da shi?"

Kwana huɗu suna wannan ja-in-ja. Sai Murtala ya zo da wata dabara. Akwai wata ɗaliba a wajen aikinsu, Mufida, tana bincike a kan kunnuwan mutane, tana da na'urar da ke nuna ko mutum ya san inda ƙara ta fito. A je a gwada.

"Na yarda," in ji Sha'aibu. "In na faɗi, na jingine sanda har abada. In na ci, ka matsa min daga hanya. Ibrahim, kai ne shaida."

Haka na rufe rumfata na bi su.

Ɗakin ƙarami ne, an liƙe bangonsa da soso, har maganar mutum takan faɗo masa a ƙafa, ba amsa kuwwa. Ga kujera a tsakiya, ga ƙananan lasifika sun kewaye ta sama da ƙasa. A kan tebur kuma wani kan roba, ba ido ba baki, sai kunnuwa biyu masu kyau. Na daɗe ina kallonsa. Na ce a raina, ga wanda ya ji sirrin kowa bai faɗa wa kowa ba.

Mufida ta durƙusa ta gaishe mu, sannan ta yi bayani. Ta ce lanƙwasar kunnen kowa daban ce, kamar zanen yatsa, kuma ita ke gaya wa mutum ƙara daga gaba take ko baya, sama ko ƙasa. Za ta sa masa ɗan makirfo a kunne ta auna yadda nasa ke karɓar sauti, sai kwamfuta ta ɗinka masa ƙara daidai kunnensa. In ya sa iyafis a kunne, zai ji kamar ana tafi a cikin ɗakin, ya nuna wajen.

"Sai dai Baba, a yi haƙuri, za a cire hula."

Sha'aibu bai motsa ba. Murtala ne ya miƙa hannu ya zare ta. Na sunkuyar da kai, amma na riga na gani: kunnuwa biyu farare sol, kamar 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe yanzu.

Aka auna. Aka sa masa iyafis, kwamfuta ta fara tafi. In tafin yana gaba ya nuna baya. In yana ƙasa ya ɗaga yatsa sama. Cikin ashirin, biyar ya samu.

"Yaya Murtala," in ji Mufida a hankali, "wannan fa bincike ne, ba hukunci ba."

"Alƙawari dai aka yi a gaban shaida," in ji Murtala. Muryarsa ba daɗi a cikinta, amma bai janye ba.

Sha'aibu ya cire iyafis ɗin ya miƙa hannu. "Hulata."

Aka ba shi. Ya kafa ta, ya sauke dama, ya karya hagu.

"'Yata, kunnen wa kika auna?"

"Naka, Baba."

"A'a. Wancan kunnen bai taɓa tsallaka titi ba. Bai san kukan tirela ba, bai san muryar mai rake ba. Tun ba a haife ki ba yake lulluɓe. Ni ta cikin hular nan na koyi duniya. Kin tuɓe ni, kin auna baƙo, kin ce ni ne na faɗi. A auna ni da hulata."

"Ƙa'idar aikin ta ce kada a bar komai a kai, Baba."

"Wanda ya rubuta ƙa'idar, yana sa hula?"

Dariya ta ƙwace min. Mufida ta shiga duba takardunta. Shi kuwa Murtala, ganin maganar za ta yi tsawo, sai ya lallaɓa bayan kujera cikin sanɗa, ya ɗauki sandar da ke jingine a bango. Ni da nake kallo ko motsinsa ban ji ba.

Sha'aibu bai waiwaya ba. Ya ɗaga yatsa ta saman kafaɗarsa ta hagu.

"Likita, ajiye min sandata. Taku uku a bayana, kuma takalminka na dama ya fara buɗe baki."

Murtala ya dubi takalminsa. Mufida ta dubi Murtala. Sai ta ɗauko ɗan makirfon nan, ta ɗaga gefen hular da yatsa biyu, ta sa shi, ta mayar da hular yadda take.

Aka sake awo, aka sake tafi. Wannan karon yatsan Sha'aibu har rigan tafin ƙarewa yake. Gaba, sama, baya ta dama, ƙasa. Goma sha takwas cikin ashirin.

"Biyun kuma Ibrahim ne ya yi tari," in ji shi. Ban yi tari ba, amma ban musa ba.

Mufida ta zauna, hannunta a kan hijabinta, daidai kunne.

"Mata arba'in na auna," ta ce, "duk na sa sun cire hijabi. Kuma da shi suke yawo."

"To kira su su dawo," in ji Sha'aibu. Ya miƙe, ya buɗe tafin hannu. Murtala ya ɗora masa sandar.

A bakin ƙofar asibiti Murtala ya tayar da babur ɗinsa. "Baba, ko yau kaɗai, hau in kai ka. Rana ta yi."

"Shaida, me aka ce in na ci?"

"A matsa maka daga hanya," na ce.

Murtala ya ja babur ɗin gefe. Sha'aibu ya tsaya a bakin kwalta, ya karkata kai, gefen hular na hagu yana kaɗawa. Ya bar wata tifa ta wuce, ya bar adaidaita biyu, sannan ya buga sanda ya shiga titi. Ni mai ido sai da na yi gudu kafin na cim masa.